Littafin Busa na Gwaggo: Yadda Jiki Ya Tayar wa Sabon Huhu

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana da shekara 54 aka yi mata dashen huhu biyu a Riyad. A Makka aka haife ta, a Shara Mansur ta girma, can aka yi mata aure. Kakanninmu daga ƙasar Katsina suka taso a ƙafa, suka yada zango a Sudan shekara da shekaru, kafin su ƙetare Bahar Maliya ta Sawakin. Ni nake jinyarta tun farkon ciwon, don ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Jidda, kuma a danginmu duk takardar da ta fito daga hannun likita ni ake miƙa wa. Da izininta nake wannan rubutu. Ta ce in faɗi komai, har da inda muka yi sake, ban da sunanta.

Ciwon da busasshen tari ya fara. Shekara uku ana ɗora laifin a kan sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da turaren wuta, ana shan zuma da habbatus sauda. Da aka yi hoton ƙirji mai yanka-yanka sai aka ga huhun ya yi tabo, ya taurare daga gefe yana cin ciki. Likitoci suka bi diddigi har suka kai ga tantabarun da Alhaji, maigidanta, yake kiwo a saman soro sama da shekara ashirin. Ƙurar gashinsu da ta kashinsu kan sa huhun wasu mutane kumburi, idan aka daɗe kumburin ya zama tabon da ba ya komawa. Aka kwashe tantabarun, amma aikin gama ya riga ya gama. Ta koma salla a zaune, daga baya tukunyar iska ta zama abokiyar tafiyarta ko banɗaki za ta.

Da aka fara maganar dashe na ɗauka rukunin jini da girman ƙirji su ne abin dubawa. Su ne kuwa na farko. Sai ga wata takarda daga ɗakin gwajin da ban taɓa aiki a irinsa ba, cike da haruffa da lambobi, likitar ta zagaye biyu da jan biro. A nan na fara jin labarin HLA da gaske, ban da ɗan abin da aka koya mana a makaranta.

Yadda na yi wa Gwaggo bayani shi ne da tsagar fuska. Mahaifiyarta, wadda aka sa mini sunanta, har ta rasu da tsagar gidansu a kumatu, kuma a da da ita ake gane ɗan wane gida ne ko a wace kasuwa aka gan shi. To kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da tata tsagar, rabi daga uba rabi daga uwa. Ita ce HLA. Umarninta yana kan kuromosom na 6, kuma iri-iri ce: akwai A da B da C a aji na farko, akwai DR da DQ da DP a aji na biyu, kowanne da rassa masu yawan gaske. Bafaranshen likita Jean Dausset ne ya fara bayyana ɗaya daga cikinsu a 1958, ya sami kyautar Nobel a 1980. Sojojin jiki da wannan tsaga suke bambanta ɗan gida da bare. In suka gamu da tsagar da ba tasu ba, wani sashensu kan ƙera antibodi, wato kibiyar da aka fiƙe domin wannan tsagar kaɗai, su kuma adana samfurinta shekara da shekaru.

Ta hanya uku mutum ke gamuwa da tsagar wani: ƙarin jini, dashen da ya gabata, da ciki. Gwaggo ta yi ciki tara, bakwai suna raye, an kuma ƙara mata jini a haihuwa ta shida. Kowane ɗa da ta ɗauka rabin tsagarsa ta Alhaji ce. Lambobin nan biyu da aka zagaye, ɗaya a rukunin A ɗaya a B, jikinta ya daɗe da fiƙe musu kibau. Da ta gane haka ta yi shiru jim, sannan ta ce, "Uwata, ashe jiki ma yana riƙo." Wannan batu ya shafi matanmu ƙwarai, mu da haihuwa bakwai ko goma ba abin mamaki ba ce a gidajenmu. Macen da ta haihu da yawa takan daɗe a layin jiran dashe fiye da namiji sa'anta, saboda duk huhun da ke ɗauke da tsagar da jininta ya sani an haramta mata shi. Dalilin haramcin tsoho ne. A 1969 Paul Terasaki da abokin aikinsa Ramon Patel suka nuna cewa cikin ƙoda 30 da aka dasa wa mutanen da jininsu ya riga ya yi gaba da mai bayarwa, 24 nan take suka lalace. Tun daga nan ba a dashe sai an gwada. Shi huhu ba ya jira: sa'o'i kaɗan ne tsakanin cire shi da dasa shi, saboda haka a kwamfuta ake haɗa jerin kiban majinyaci da tsagar mamacin tun kafin a yanke shawara.

Muka kama gida a Riyad, don daga Makka nisan ya kusa kilomita dubu, kiran kuma yakan zo da tsakar dare. Wata goma sha huɗu muka jira. Masu bayarwa ba su da yawa, duk da cewa Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar nan ta halatta bayar da gaɓa tun 1982, kuma a 2021 Sarki Salman da Yarima mai jiran gado sun yi rajistar bayarwa, aka kuma buɗe rajistar a manhajar Tawakkalna. Alhaji sai da ya ji fatawar daga bakin malaminsa kafin hankalinsa ya kwanta.

Kafin a sa hannu likitar ta zaunar da mu. Ba ta rage komai ba. Ta ce cikin gaɓoɓin da ake dasawa huhu ya fi wuyar riƙewa, domin ƙoda da hanta da zuciya a rufe suke cikin jiki, shi kuwa duk numfashi sai ya sha ƙura da ƙwayoyin cuta da hayaƙin duniya, kowane ɗaya kuma yana iya farkar da sojojin jiki. Ta ce a ƙididdigar duniya rabin waɗanda aka yi wa dashen suna wuce shekara shida zuwa bakwai, kuma wajen rabi sukan sami lalacewar huhun a hankali cikin shekara biyar. Alhaji ya tambaya ko aikin sabo ne. Ta ce an fara gwada shi a Amurka a 1963, mutumin ya yi kwana 18, sai a 1983 a Toronto ta Kanada aka sami wanda ya rayu shekaru da huhun wani. Gwaggo ta ce a ba ta biro.

A watan Muharram aka kira mu. Aikin ya yi kyau. Huhun bai ɗauke da ko ɗaya daga cikin lambobin nan biyu ba, amma ya bambanta da ita a wasu wurare, har da DQ. Wannan ba kuskure ba ne. Da za a jira huhun da ya yi daidai da mutum ta kowace fuska, da kusan babu wanda za a yi wa dashe. Ana guje wa abin da jini ya riga ya tsana, sauran kuma a danne sojojin jiki da magani har ƙarshen rai. Nata uku ne: takrolimus sau biyu a rana da tazarar awa 12, maikofenolet, da kotizon. Ga kuma na rigakafin cututtukan da ke samun dama idan garkuwa ta yi rauni.

Ranar da aka sallame ta aka ba mu wata 'yar na'urar busawa da littafi. Kowace safiya ta ja numfashi ta busa da iyakar ƙarfinta, na'urar ta nuna yawan iskar da ta fita a daƙiƙar farko, abin da likitoci ke kira FEV1, a rubuta. Matsakaicin busa biyu mafi kyau da aka yi a asibiti, da tazarar aƙalla mako uku, shi ne ma'aunin da za a riƙa auna ta da shi har abada. Nata ya tsaya a lita 2.1. Ƙa'idar da aka ba mu a bayyane take: idan ya sauka da kashi 10 cikin ɗari ya kwana biyu a haka, a buga waya, ko da tana jin garau. A wata na huɗu muka koma Makka. Ta yi ɗawafi da ƙafarta, da takunkumi a fuska, bayan asuba kafin a cika. Gwajin antibodi na wata na ɗaya, na uku da na shida duk sun fito babu kibiya ko ɗaya da ke nufin sabon huhun.

Daga nan abubuwa suka soma haɗuwa, kowanne ƙarami in an dube shi shi kaɗai.

A Rajab fararen ƙwayoyin jininta suka yi ƙasa sosai. Maikofenolet na yin haka, maganin rigakafin CMV, wata ƙwayar cuta da kan tashi idan garkuwa ta yi rauni, ma yana yi, balle an haɗa su. Aka raba maikofenolet biyu. Hukuncin daidai ne, mutum ba ya zama babu fararen ƙwayoyi, sai dai maganin nan shi ne ke riƙe da ƙwayoyin da ke ƙera antibodi. An sassauta linzami ke nan. A Sha'aban kuma 'yan'uwa suka zo Umara daga Kano, suka sauka a gidan. Wanda ya san Makka ya san tarin da mahajjata ke yawo da shi, kuma wanda ya san mu ya san ba a ce wa baƙon da ya taso daga gida Najeriya ya tsaya daga nesa. Aka rungumi juna, aka ci a faranti ɗaya. Kwana huɗu Gwaggo ta kwanta da mura. Ta warke, busarta ta koma 2.1. Amma mura a dasasshen huhu ba ta wucewa haka nan. Kumburin da take jawowa yana sa ƙwayoyin huhun su ƙara fito da tsagarsu fili, musamman ta aji na biyu, daidai lokacin da sojojin jiki suka yi dafifi a wurin.

Saboda murar aka ɗebi jininta a ƙarshen Sha'aban aka haɗa da gwajin antibodi. Yadda ake gwajin yana da kyau a sani, don a gane lambar. Akwai 'yan ƙananan duwatsu kamar na ado, ido ba ya ganinsu, kowanne an lulluɓe shi da tsaga iri ɗaya. A zuba ruwan jinin majinyaci a kansu. In akwai kibiya sai ta manne wa dutsen da ya dace da ita, na'ura ta haska, ta ba da lambar ƙarfin hasken, wadda ake kira MFI. Nata ya nuna kibiya a kan DQ7, da lamba 1,800. DQ7 na cikin tsagar wanda ya ba ta huhu, kuma ba ta da wannan kibiyar kafin dashe. Irin wannan ake kira DSA, antibodin da ya nufi mai bayarwa kai tsaye. Cikin sababbin da ke fitowa bayan dashen huhu, na DQ sun fi yawa, sun kuma fi taurin kai.

Aka kira ni a waya. Aka ce lambar ba ta da girma, numfashinta lafiya, ba za a fara magani mai nauyi ba. A mayar da maikofenolet yadda yake a hankali tunda jinin ya farfaɗo, a kula da takrolimus, a dawo Riyad bayan mako huɗu a sake gwaji. Na rubuta. Na kuma faɗa wa Gwaggo da Alhaji cewa "ɗan abu ne aka gani, ba wani abin damuwa ba." Wannan jimla tawa ce, kuma ita na fi nadama a cikin labarin nan gaba ɗaya.

Mako huɗun ya faɗa cikin goman ƙarshe na Ramadan.

An gaya mata tun a asibiti kada ta yi azumi a shekarar farko. Ta ji. Amma shekara uku ke nan ciwo ya hana ta, ga shi yanzu tana hawa bene ba haki, ga Harami ana jin kiran sallarsa daga tagar ɗakinta. Ta ce, "Uwata, Allah Ya ba ni numfashi, in rasa abin da zan gode maSa da shi?" Na ce, "Gwaggo, ai ku Allah Ya yi wa rangwame." Ta ce rangwame na mara lafiya ne, ita kuwa ta warke. Na ga ba zan iya da ita ba, sai na yi abin da na ɗauka dabara ce: na mayar da takrolimus lokacin buɗa baki da sahur. Ban buga waya Riyad ba, don na san amsar da za a ba ni.

Ga abin da wannan ya haifar. Takrolimus magani ne mai tsananin son ƙa'ida, tazarar da ke tsakanin yawan da zai kare huhu da yawan da zai cutar da ƙoda 'yar kaɗan ce, shi ya sa ake auna shi a jini kafin shan na safe. Abinci, musamman mai maiƙo, yana rage yawan da hanji ke tsotsa. Ita kuwa a kan sambusa da shurba take haɗiye shi da magariba. Na sahur kuma, daga baya 'yar autarta ta gaya mini, an yi kwanakin da barci ya kwashe su bayan tahajjud sai kiran asuba ya tashe su, kuma Gwaggo ba za ta sha magani bayan an kira salla ba. Babu wanda ya faɗa mini, don kada in yi faɗa. Dare ya zama rana a Makka kamar yadda aka saba kowace shekara, busar safe ta bi ruwa. In aka buɗe littafin yau za a ga kwana 19 a jere babu rubutu. Ranar zuwa Riyad ta zo, Yaya Babba ya ce wa zai fitar da tsohuwa daga Makka a daren ashirin da bakwai, kujerar jirgi ma ta yi tsada, a bari sai bayan Salla. Na yarda. Na ɗaga ranar da hannuna a waya. Mako huɗu ya zama bakwai.

Kwana uku bayan Salla na sa ta ta busa. 1.85. Na lissafa a raina, ya haura kashi 10, na kuma ce gajiyar azumi ce, a bari ta ci ta murmure. Duk wanda ya zo barka da Salla ya ce yaya jiki, ta ce alhamdu lillahi, kuma ba ƙarya take yi ba. Matar da ta yi shekaru da huhun da bai kai rabin wannan ba, 1.85 a wurinta yalwa ce. A nan ne dauriyar da muke yabon iyayenmu mata da ita ta zama abin tsoro. An tarbiyyantar da su kada su yi raki, kada su ɗaga wa 'ya'ya hankali, ciwo sai ya kayar da su ake sani. Shi kuwa wannan ciwon a jini yake fara magana, sannan a lamba, sai can daga baya mai shi ya ji a ƙirjinsa. Wanda ya jira jin ƙirji ya bar watanni sun wuce.

Mako biyu bayan haka na same ta ta idar da sallar la'asar a zaune. Ta ce gwiwa ce. Busa ta nuna 1.6. A daren muka hau jirgi daga Jidda.

Abin da aka yi a kwana ukun farko shi ne kawar da zato ɗaya bayan ɗaya, domin faɗuwar busa ba ta faɗin dalilinta. Zai iya zama ƙwayar cuta, zai iya zama ƙuncewar wurin da aka ɗinke maƙogwaron huhu, ko ruwa a ƙirji, ko tsamin ciki da ke hawowa ya zubo cikin huhu da dare, ko kuma irin ƙin da ƙwayoyin sojoji ke yi da kansu ba da antibodi ba, wanda ya fi yawa a shekarar farko kuma yakan ji kotizon. Aka yi hoto, ya nuna hazo-hazo a huhun biyu. Aka zura tiyo mai kyamara, ɗinkin lafiya lau. Aka wanke wani sashe da ruwan gishiri aka tsotso, ba a sami ƙwayar cuta ba. Aka gutsuro 'yan ƙananan yankuna aka kai ɗakin duba tsoka. Takrolimus a jininta 4, alhali likitocinta tsakanin 8 da 12 suke so. DQ7 kuwa ya haura 9,000.

Yadda kibiyar ke ɓarna shi ne ta manne a bangon ƙananan hanyoyin jinin huhun, masu sirantar da ta fi ta gashi, don nan ne jinin mai karɓa ke fara haɗuwa da tsokar mai bayarwa. Mannewarta na iya kunna wasu sunadaran jini da ke huda bango, tana kuma kiran fararen ƙwayoyi su yi cincirindo a wurin. Idan sunadaran nan suka yi aiki sukan bar wani ɓurɓushi da ake kira C4d, kamar tokar da ke nuna an hura wuta. A ƙoda wannan toka shaida ce mai ƙarfi. A huhu sau da yawa ba a ganinta ko da wutar na ci. A yankin Gwaggo an ga fararen ƙwayoyi cunkushe a hanyoyin jinin, ba a ga C4d ba. Ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya ta fitar da ma'auni a 2016: idan aikin huhu ya ragu, an kawar da sauran dalilai, akwai DSA, tsoka ta nuna, C4d ma ya nuna, to tabbatacce ne. In ɗaya ya ɓace, mai rinjayen zato ne. A wannan matakin aka ajiye ta. Yaya Babba ya ce tunda ba a tabbatar ba me zai hana a jira. Likitar ta juya ga Gwaggo ta ce, "Ya Ummi, jiran da aka yi ya isa."

Maganin hawa-hawa ne, kuma jerin yana da dalili. Kwana uku ana ɗura mata kotizon mai yawa ta jijiya don a kwantar da kumburin. Sannan wankin ruwan jini sau biyar, ana tsallake rana: a sa tiyo a jijiyar wuya, na'ura ta raba ƙwayoyin jini da ruwansa, a zubar da ruwan da kiban ke ciki, a mayar da wani. Leɓunanta sukan yi zir-zir a kan na'urar saboda sinadarin hana daskarewar jini yana rage kalsiyam, sai a ƙara mata. Bayan haka aka ɗura mata antibodin da aka tattaro daga jinin dubban masu lafiya, wanda ake kira IVIG, don ya cike gurbin kariyar da aka wanke ya kuma rage ƙera sababbi. A ƙarshe rituksimab, wanda ke kashe ƙwayoyin da za su girma su zama maƙeran antibodi. Shi dole sai an gama wankin, in ba haka ba na'urar za ta fitar da shi tare da dattin. Kafin a ba ta sai da aka duba ciwon hanta nau'in B, domin maganin na iya tayar da wanda ya kwanta, kuma ciwo ne da ya yawaita a cikin mutanenmu 'yan asalin Afirka ta Yamma. Nata babu.

Wankin yana kwashe kiban da ke yawo ne kawai, maƙerar tana nan. Manyan maƙeran, waɗanda suka riga suka ƙware suka zauna a ɓargo, rituksimab ba ya ganinsu, don sun zubar da alamar da yake kamawa. Su sai da magunguna irin bortezomib ko karfilzomib, waɗanda asalinsu na sankarar ɓargo ne, kuma suna da nasu nauyin a jijiyoyi da ƙoda da zuciya. An ajiye su a matsayin mataki na gaba. Tsarin ya bambanta daga cibiya zuwa cibiya, wata takan fara da su tun farko.

Ta sha wuya. Sukarinta ya hau har aka fara yi mata allurar insulin, fuskarta ta kumbura, barci ya ƙaurace mata, IVIG ya riƙa saukar mata da ciwon kai na kwana biyu. Mako shida bayan rituksimab ƙwayar CMV ta motsa a jininta, aka koma maganinta gadan-gadan, fararen ƙwayoyi suka sake yin ƙasa, aka dawo kan tsaka mai wuyar da aka fara da ita. Wannan karon allurar ƙara fararen ƙwayoyi aka ba ta, ba a taɓa maikofenolet ba. Wata shida tana zuwa ɗurin IVIG duk wata. Aka ƙara mata azitromaisin sau uku a mako, da maganin tsamin ciki, aka ɗaga kan gadonta.

Busa ta hau zuwa 1.8, ta ɗan sauko, ta zauna a 1.7. DQ7 ya sauka zuwa wajen 3,000 ya tsaya, bai ɓace ba. Lambar MFI ba ma'aunin yawan kibau ba ce kai tsaye, takan yi sama da ƙasa tsakanin gwaji da gwaji, shi ya sa likitar ta hana ni bin kowace ɗari biyu da ta motsa. Abin da take dubawa shi ne ko kibiyar ta tafi ko tana nan, domin waɗanda tasu ta zauna sun fi fuskantar lalacewar huhu ta dindindin. Ita wannan lalacewa ma'auninta na 2019 ya ce faɗuwar kashi 20 ko fiye daga mafi kyawun busa, ta kuma zarce wata uku. Iri biyu ce babba: wadda ƙananan hanyoyin iska ke toshewa da tabo, da wadda huhun duka ke taurarewa ya ƙanƙance, ta biyun ta fi muni. Kashi 80 na 2.1 shi ne 1.68. Gwaggo tana 1.7.

Na sha juya abin a raina, wanne ne ya jawo, ragin magani, mura, ko azumi. A ganina kibiyar ta riga ta fito kafin a ga watan Ramadan, saboda haka ba azumi ya ƙera ta ba, kuma ba na yarda kowa ya ce wa Gwaggo ita ta jawo wa kanta. Abin da azumin da ɗaga ranar suka yi shi ne buɗe mata fili na mako bakwai, babu mai kallo, magani kuma ya yi rabi. Da mun je a mako na huɗu, da an ga lambar tana hawa tun busa na 2.1. Da na buga waya ranar 1.85, da an rage mako biyu. Lita 0.4 da ta tafi ba za ta dawo ba, kuma ni da na san karatun lamba na fi kowa alhaki a gidan, don ni na fassara "a dawo bayan mako huɗu" zuwa "ba wani abu ba ne" saboda ina son in ga fuskarta a sake.

Gidan ya canza tsari. Littafin yanzu a hannun 'yar autar yake, tana ɗaukar hoton shafin ta turo mini ta WhatsApp kafin ƙarfe tara, da ni da Yaya Babba. Takrolimus ƙarfe bakwai na safe da bakwai na dare, kafin abinci, agogon waya biyu ke bugawa. Baƙin Umara suna sauka a gidan Yaya, su zo gaisuwa a tsakar gida da takunkumi, kuma Alhaji da kansa yake faɗa musu a ƙofa, don daga bakinsa ba wanda zai ji haushi. Da Ramadan ya zagayo, shi ya je wurin malaminsa ya dawo da amsa, Gwaggo ta ciyar da miskini kowace rana. A daren farko ta yi kuka, ta ce in bar ta ita kaɗai, na bar ta.

Tana yi wa wanda ya ba ta huhun addu'a bayan kowace salla. Ba mu san sunansa ba, tsarin bai yarda a sani ba. Tana ce masa "yaron nan", ko da yake babu wanda ya gaya mata namiji ne ko yaro.

Likitar ta ce idan busa ta sauka ƙasa da 1.68 ta zauna, za a zauna a yi maganar karfilzomib, ko kuma wani magani da ake fitar da fararen ƙwayoyi a haska su da haske na musamman a mayar. Gwajin DQ7 na gaba ranar Lahadi ta sama ne, tikitin Riyad yana cikin jakata tun makon jiya. Hoton safiyar yau ya shigo ƙarfe takwas da kwata, da rubutun 'yar auta a karkace: 1.71.